Abin da Ishaya ya faɗa a gaban maƙwabta

Yaya Dauda,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka? Yaya Saratu da yara, da zaman Abijan? Mu nan Tawa lafiya lau, sai gajiya.

Ɗana Ishaya ya iso lafiya, amma ba ka gaya mini ya bar majami'armu ya shiga ta 'yan Mormon ba. Ran Lahadi maƙwabta suka shigo yi masa barka da zuwa. Hajiya Rabi, wadda muke katanga ɗaya, ta tambaye shi cikin raha ko Abijan ta bar shi da addini. Sai ya gyara zama ya ce Allah Uba yana da jiki, nama da ƙashi. Wai Uba daban, Ɗa daban, Ruhu daban, su uku ne, nufinsu ne kawai ɗaya.

Na ce, "Ishaya, Allah ruhu ne, kuma ɗaya ne. Haka na koya maka."

Ya ce, "Inna, haka aka koya miki."

Yaya, shekara talatin ina faɗa wa matan unguwar nan cewa mu Kirista ba alloli uku muke bauta wa ba. Hajiya Rabi ta dube ni kawai, ta tashi. Washegari ta leƙo ta ce, "Sannu da haƙuri," kamar an yi mini rashi.

Ba ni da ƙarfin gardama. Ina tuƙa masa tuwo, yana ci.

Ka gaida kowa. Ku sa mu a addu'a, ni da shi duka, don ni ban yi rashi ba. Ɗana yana nan.

Ƙanwarka,
Hannatu