Wannan Ba Ɗan Garinmu Ba Ne

Seosan, kaka, 1938

Zuwa ga Yaya Geum-rye,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Manchuriya? Mu nan lafiya, sai gwiwar Inna da ta ƙi ta ƙi.

Yaya, wata 'yar rigima ce ta shigo gidanmu. 'Yata Ok-bun ta zo da littafin makarantar Japanawa, ta buɗe wa Inna hoton dokkaebi, aljanin nan na tatsuniyoyinmu. Wai dokkaebi! Jan ƙato da ƙaho biyu, da bante na fatar damisa, da kulkin ƙarfe mai ƙusoshi. Inna ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, sannan ta ce, "Wannan ba ɗan garinmu ba ne. Dodon Japanawa ne aka ara masa suna."

Kin san namu. Tsohuwar tsintsiya ce ta rikiɗa ta zama namiji, ya tare mutum a hanya ya ce sai an yi kokawa, sakarai mai son tuwon hatsin memil, wanda Inna ke kira Kim Seobang kamar surukin gida. Ok-bun ta ce malam ya ce mutane yake ci. Inna ta ce, "Da wane haƙori? Wanda ko bashi ya biya sai ya manta ya sake biya?" Na yi dariya, amma yarinyar ba ta yi ba. Littafi ta yarda da shi.

Ƙanwarki,
Sun-deok

Seosan, ƙarshen hunturu, 1939

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar tarin da kika ce yana damunki.

Raina a ɓace nake rubuto miki. Inna ta tuƙa tuwon memil za ta kai shingen kifi na bakin teku, yadda take yi kowace shekara don Kim Seobang ya koro mana kifi. Tana kan ƙofa da akushi sai ga Ok-bun da soyayyen wake a aljihu. Ashe ranar ce Japanawa ke korar dodonsu da wake, an koya musu a aji. Ta dinga watsa shi a ƙofa tana ihu da yarensu, wai dodo ya fita. Har da wanda ya faɗa cikin tuwon.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Baƙon da ya ciyar da uwarki kike jifa?" Yarinyar ta fashe da kuka, ta ce ita fa kare mu take yi. To me zan ce mata? Tsakani da gaskiya ta yi. Inna ta durƙusa ta tsince waken ɗaya bayan ɗaya, don ba shekarar zubar da abinci ba ce, ta tafi teku ita kaɗai tana ɗingishi.

Tun ranar ba ta sake yin tatsuniya ba. In na roƙe ta sai ta ce a je a tambayi littafi. Kin san taurin kanta, a wurinta muka gada.

Taki,
Sun-deok

Seosan, damina, 1939

Yayata,

Na gode da ta'aziyyarki. Mun binne Inna kusa da Baba, ta inda ake hango teku.

Jiya Ok-bun ta zauna kusa da ni ina gyaran koma, ta daɗe tana wasa da igiya, sannan ta ce, "Umma, Kim Seobang na Kaka yaya kamanninsa yake?" Zuciyata ta yi sanyi, na ce ga ranar da Inna ta so gani. Na rufe ido don in kwatanta mata shi.

Yaya, ƙaho na gani.

Na girgiza kai na sake rufewa. Halinsa duk yana nan, kokawar, da mantuwar, da kwaɗayin tuwo. Amma fuskar ta tafi, jan ƙaton nan ne ya zauna a wurin. Ni da ban taɓa shiga aji ba! Hoton ne kawai nake gani kullum a kan tabarma, da jikin takardar alewa a kasuwa. Na tambayi matan unguwa, biyu suka rantse tun fil azal da ƙahonsa. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da mutuwar kanta, don ba wanda ya ji lokacin da aka yi mana satar.

Ke kin tafi kafin littafin ya zo, kuma ke ce kika fi daɗewa a cinyar Inna. Don girman nonon da muka sha, ki rubuto min shi tun daga gashi har tafin ƙafa. Kafin nan kada ki buɗe littafin yaranki, ko leƙe kada ki yi. Na ce wa Ok-bun ta jira, innarta ta Manchuriya ta san shi. Kullum da rana tana bakin hanya tana duban mai kawo wasiƙa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai jira,
Sun-deok