Na ce wa Inna mahauci ne ya yanka akuyar

Salama gare ku 'yan uwa. Admin, a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, tun ranar Kirsimeti ban iya yin addu'a da sakakkiyar zuciya ba.

Ni Kirista ce 'yar Zuru, ina aikin nas a Goronyo, mijina kuma malamin makaranta ne. Gidan da muke haya katanga ɗaya muke da wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Tunda muka zo garin nan, duk Kirsimeti ɗanta Malam Buhari ke yanka mana dabba, saboda maƙwabtanmu Musulmi su ci abincinmu hankali kwance, kamar yadda su ma ke aiko mana naman layya. Inna ce ta koya mini wannan, kuma ita ta fara cin abincin gidana har sauran matan layin suka bi.

Bana mijina ya yi hatsarin babur a hanyar Rabah, ya daɗe a kwance, Allah ya tashe shi. Lokacin ina tsakanin asibiti da gida, Inna ce ta riƙe mini yara. Shi ya sa surukata ta ce bana a wurinmu za a yi Kirsimeti, a haɗu a gode wa Ubangiji. Na yi murna da gaske, sai da suka iso na gane ɗaki biyu ba ya ɗaukar dangi. Mama, wato surukar tawa, ta zo, yayan mijina ya zo da matarsa da yaransu. Ruwa ya ƙare a ce nas ba ta iya tanadi ba, miya ta yi yaji a ce so nake in kashe tsohuwa, matar yaya kuwa ba ta ɗaga ko cokali, tana kan kujera da waya. Ni dai ina ta haɗiyewa ina cewa Yesu ka ba ni haƙuri.

Ranar Kirsimeti da safe Malam Buhari ya tafi ta'aziyya garin Taloka, ya ce zai dawo da wuri, bai dawo ba. Da muka taso daga coci yaya ya fara faɗa, wai yara na jin yunwa, wai shi bai taɓa ganin inda mutum zai sayi akuya da guminsa ya zauna jiran wani ya zo ya yanka masa ba. Na yi masa bayani, ya ce na cika son burge mutane. Mijina kuwa bai iya musu da yayansa. Ina kicin ina wanke shinkafa, ko da na fito yaya ya yanka akuyar da kansa, har an fara fiɗa.

Abin da ya kamata in yi na sani, in aika cincin da lemo kawai, ko in sayi kaji daban. Amma na gaji, raina a ɓace, ga yaran layi sun fara leƙowa. Na zuba shinkafa da nama a kwanuka na rarraba, na Inna kuma na kai da kaina. Ta buɗe kwanon ta ce, "Ɗiyata, Buhari bai komo ba, wa ya yanka maku?" Bakina ya riga tunanina, na ce mahaucin bakin kasuwa ne. Ta ce madalla, ta yi bisimilla ta ci a gabana.

Da yamma muka zauna addu'ar iyali, kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. A daidai lokacin aka dawo da kwanuka, na Inna cike da albasa da wake. Mama da ta kwana biyu tana kushe ni ta fashe da kuka, ta gode wa Allah da ya ba ɗanta mace mai zaman lafiya da mutane. Da aka zo kaina, ni da nake da abin godiya fiye da kowa, ga mijina zaune da ƙafafunsa, sai na kasa. Na ce na gode Ubangiji kawai, suka ɗauka daɗi ne ya hana ni magana.

Na gaya wa mijina, ya ce in bar maganar, ai an riga an ci, kuma ya ji wasu malamai na cewa yankan Kirista ba laifi ba ne. Wataƙila haka ne, ban sani ba. Amma Inna ta tambaye ni, kuma don ta yarda da ni ta ci.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne jiya. Na shiga duba mata hawan jini, sai take ba ni labari tana dariya, wai matar Buhari ta ƙi ci ranar, tana shakka tunda mijinta ba ya nan. Inna ta ce, "Nac ce mata mi kika tsoro? Ni na tsaya mata, yarinyar ga ba ta taɓa yi min ƙarya ba." Wai sai da ta sa ta ci, ita da yaranta.

Ranar Lahadi za mu fita godiyar iyali a coci, a yi waƙa a taka har gaban bagade, kuma ni aka ce in ba da shaida. In na faɗa wa Inna gaskiya, na kunyata ta a gaban surukarta, kuma ƙila babu wanda zai sake karɓar kwano daga gidana. In na yi shiru, baɗi ma za ta tsaya mini. 'Yan uwa Kirista da Musulmi, in shiga wurinta kafin Lahadi ko in bari? In kuma zan shiga, da wace kalma zan fara?