Kalma Ɗaya Ta Turanci Na Neman Raba Ni Da Aikina

Anti Rosnah, don Allah ki taimake ni, ban san wanda zan kai wa kukana ba.

Daga garin Kediri na ƙasar Indonesiya na zo Singapore aikatau. Na yi shekara da shekaru ina kula da wata tsohuwa, muna ce mata Ah Ma. Ni ke yi mata wanka, ni ke dama mata kunun shinkafa da kifi, ni ke sauko da ita ƙasan bene ta sha hantsi. 'Ya'yanta ranar Lahadi suke leƙowa, su ajiye lemo su tafi.

Rannan da safe ina shanya a jikin gora ta tagar kicin, sai na ji ƙarar sandarta. Ina waiwayawa na ga ta miƙe ita kaɗai a falo, ƙafarta ta zame, ta tafi ƙasa. Kafin in yar da rigar da ke hannuna ta riga ta kai. Ƙashin ƙugunta ya karye.

A asibiti likita ya tambaye ni, na ce "I saw her fall". Babbar 'yarta, Madam Chew, malamar Turanci ce. Da muka dawo gida ta zaunar da ni kamar ɗaliba, ta ce da ƙarshen faɗuwar na tarar da "falling" zan ce, amma "fall" na nufin na gani daga farko har ƙarshe. "Wato tsayawa kika yi kina kallon uwata, ko? Da bakinki kika faɗa."

Anti, ni Turancina na kasuwa ne. Duk zamana a gidan ba ta taɓa gyara min kalma ba, muddin abinci ya dahu. Yau da ake neman mai laifi ne aka tuna da nahawu. Ta hana ni zuwa asibiti, ta ce za ta kira ejan, wato dillalin da ya samo min aikin, a maida ni gida. Ah Ma kuwa ta ruɗe, ba ta iya ba da labari. Ƙawata Sulastri ta ce in ce kuskure na yi, "falling" nake nufi. Amma gaskiya na ga duka. In canza ne?

Mai Ɓacin Rai, Toa Payoh

Ƙanwata,

Kada ki canza ko harafi ɗaya.

Bari mu ba Madam haƙƙinta tukuna. Abin da ta faɗa yana cikin littafi. Idan Bature ya ce ya ga mutum "cross" titi, ya gan shi har ya tsallake. Idan ya ce "crossing", a tsakiyar titi ya hango shi. Haka ƙa'idar take ga kalmomin ji da kallo. To amma ƙa'idar iyakarta ta faɗi abin da ido ya kama. Ba ta cewa mai gani yana kusa, balle ta ce zai iya tarewa. Faɗuwa abu ne na ƙiftawar ido, shi ya sa kusan kowa "fall" zai ce. Madam ta san wannan. Tana koyar da shi.

Ba na zaton mugunta ce tsagwaronta. Mace ce da uwarta ta karye ba ta nan, abin yana cin ta, ta rasa inda za ta sauke. Wannan dalili ne, ba uzuri ba. Ta yi amfani da iliminta a kan wadda ba ta da bakin ramawa, kuma hakan bai dace ba.

Sulastri tana ƙaunarki, amma shawararta rami ce. Ranar da kika canza magana, kin zama mai baki biyu, ba mai sake yarda da ke.

Ki riga Madam zuwa wurin ejan. Ki nemi tafinta, ki ba da labarin da yarenki: inda kike tsaye, abin da ke hannunki, nisan kicin da falo, abin da kika yi bayan ta faɗi. Kada ki sa hannu a takardar da ba a karanta miki ba. Idan suka matsa, akwai ƙungiyoyin da ke tsaya wa 'yan aikatau, akwai kuma ofishin jakadancinku.

Ba zan ɓoye miki ba, mai yiwuwa aikin nan ya ƙare ko da kin wanke kanki. Idan haka ta faru, ki roƙi ɗaya daga cikin sauran 'ya'yan ya kai ki ki yi sallama da tsohuwar. Kin fi kowa cancantar wannan. Ki fita da sunanki a wanke, wani gidan zai karɓe ki.

Allah ya ba Ah Ma lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Anti Rosnah