Suruki a Kujerar Dama

Malali, Kaduna.
Agusta, 1988.

Aminina Balarabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya Yalwa da yara. Yaya Katsina, yaya kuma ƙafar taka? Mu ma lafiya lau, in dai lafiya ita ce mutum ya ci tuwo bai ji ɗanɗanonsa ba.

Maganar ɗan ƙaninka Ila ce ta sa ni ɗaukar alƙalami. Ranar da ka zo nema masa auren 'yar wajena, ka ce yaro ne mai kunya. Ashe gargaɗi kake yi mini ban gane ba.

Kafin auren, duk cikin mataimakan da ke zama damana a ɗakin tuƙin jirgin sama babu wanda nake son tashi da shi kamarsa. In na cika gudu ya faɗa, in na yi ƙasa da yawa ya faɗa, ba ya tauna magana. Aikin mataimaki ke nan, musamman wajen sauka, inda aikin mutum biyar ke taruwa a hannun mutum uku. Tun da aka ɗaura aure sai ya koma gaishe ni ƙasa-ƙasa, idonsa a kan takalmi. Har daɗi na ji, ka ji wautar tsufa.

Talatar da ta wuce mun taso daga Legas da la'asar, jirgi cike. Muna kusanto Kaduna hadari ya haɗo ta gabas. Hasumiya ta sauya mana ɓangaren da za mu ɓullo wa titin sauka. Wata fitila ta kama a gaban Audu injiniya, ya duƙufa a kanta. Ana cikin haka ma'aikaciya ta leƙo, wai wani babban mutum a kujerun gaba yana so a tambayi ƙasa ko motarsa ta iso. Ga ƙararrawar da ke tuna wa matuƙi bai sauke tayoyi ba tana ta ihu tun muna nesa, sai na kashe ta don in ji hasumiya. Daga nan idona ya tafi neman titi cikin ruwa, na manta da tayoyi sarai.

Ila bai manta ba. Ya yi gyaran murya. Ya sake. Ya kai hannu kusa da abin sauke tayoyin ya bar shi nan, yana jira in lura da kaina, don kada a ce ya gyara wa surukinsa a gaban mutane. Ni kuwa na ɗauka mura ce. Har ina ganin rassan itatuwan Afaka, dab da filin jirgi, sannan Audu ya ɗago, ya daka mini tsawa da sunana, babu kyaftin babu alhaji. Na ba jirgi wuta muka sake hawa, muka zagayo muka sauka. Babban mutum ya sami motarsa.

Mantuwar tawa ce, haka kuma na rubuta a rahoto. Amma wane matuƙi ne ba ya mantuwa? Ai don haka aka ajiye mutum a dama. Na kira Ila gida. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya ƙi kujera. Na ce ya dube ni ya ce na yi kuskure, ko don gwaji. Ya ce Allah ya huci zuciyata.

In na ƙara a rahoton cewa ya gani ya yi shiru, ƙarin girman da yake jira ya tafi, wataƙila har aikin, ga matarsa da tsohon ciki. In na bari, mako mai zuwa za mu sake ɗaukar mutane tare. Ka ba ni shawara, tunda kai ka ƙulla.

Naka,
Labaran.


Malali, Kaduna.
Satumba, 1988.

Aminina Balarabe,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. A gai da mutanen gida.

Ban jira shawararka ba. Rahoton na bar shi yadda yake, na nemi a mai da ni Legas kan jiragen kaya, don kada mu sake haɗuwa a sama. Na ce musu iskar teku nake sha'awa, babu wanda ya yarda. Uwargidana kuwa ta ce haihuwa za a yi ni ina gudu, ta daina yi mini magana sai ta bakin yara.

Ka ce Ila ya zo har gidanka ya durƙusa, ya roƙe ka ka gaya mini ban yi daidai ba, shi ya kamata a ɗauke, kuma a rubuta abin da ya faru duka. Gaskiyarsa. Tun da ya auri yarinyar nan, yau ne ya fara gyara mini. Sai dai gyaran nasa ya shiga mota a tashar Kawo, ya kwana a Katsina, ya dawo ta gidan waya. Ran nan abin da ya rage tsakaninmu da ƙasa bai kai a karanta Fatiha ba.

Ba na iya tsananta masa. Ni mai yi masa wa'azi, ga takarda ta biyu ke nan na kasa rubuta sunan 'yar farina. Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne, ba ni kaɗai ke da furfura a kamfanin ba, kuma duk abokaina ne, Baba yake ce musu.

Don Allah ka gaya masa ya riƙa buɗe baki, ko wa ke hagunsa. Na so in gaya masa da kaina kafin in tafi. Jiya ya zo sallama, muka yi hirar damina.

Naka kullum,
Labaran.