Hajiya, Sun Ce An Ɗebi Sawunki

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Ladi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ni ce Rabi nake rubuto miki daga ɗakina na unguwar Al Rigga a Dubai, inda kika sauka a zuwanki na ƙarshe. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Amma maganar taki ce, kuma ban ga wanda zai saurare ni har ƙarshe ba.

Hajiya, a gida an ce an ɗebi sawunki. Wadda ake zargi ita ce Sabita, Ba'indiyar nan mai shagon ɗinki a unguwar Al Karama, wadda telolinta ke ɗinka abayoyin da nake aikawa Kano. Yaya Sani ya yanke hukunci: ko in rabu da ita, ko kada in ƙara taka ƙofar gidansa.

Kin tuna ranar da na kai ki shagon ki ga inda nake samun abinci? Matar da teloli ke miƙewa tsaye idan ta shigo, tana ganinki ta sunkuya ta shafi ƙafarki, ta kai hannun goshinta. Kika janye ƙafa kamar kin taka garwashi. A mota kina tofa addu'a kina cewa, "Rabi, ruwa ba ya tsami banza. Me ta ɗauka?"

Bayan kin koma gida ƙafar nan ta kumbura, ta ruɓe, har ta zama ajalinki. Ko sadakar bakwai ba a yi ba Inna Talatu ta samo malamin da ya buga ƙasa ya ga hannun baƙuwa.

Ni ma zuciyata ta raya mini, ai nononki na sha. Na daina cin alewar madarar da Sabita ke ba ni. In zan shiga shagonta sai in tura takalmina cikin jaka, ina kallon hannunta kamar mai gadin kaji. Da abin ya ishe ni, na tambaye ta kai tsaye abin da ta ɗiba a ƙafarki.

Sai ga hawaye a idonta. Ta ce a addininsu na Hindu babban maƙiyin mutum shi ne abin da suke kira ahankar, wato muryar nan da ke cewa "ni ne, ni na yi, nawa ne." A ka take zaune, shi ya sa suke kai kan wurin ƙafar babba, don ta sauka. Ta ce wanda ya cika da kansa bai bar wa Ubangiji wurin zama ba, kuma bauta ba ta karɓuwa sai da ƙauna da ƙanƙan da kai. Albarkarki ta nema, don tata uwar ta rasu tun tana ƙarama. Ta ƙara da cewa ita kanta duk mako tana zuwa wurin ibadarsu ta tsare wa mutane takalma.

Takalma, Hajiya! Ina jin haka na ce a raina, ashe ma sari take yi, sawun gari guda take tarawa.

Sai da na bi ta wurin ibadar na gani, can bayan Dubai Investments Park. Ban shiga ba, daga waje na tsaya, kin san tarbiyyar da kika ba ni. Na gan ta ba gwal ba agogo, tana karɓar silifas ɗin leburori tana jerawa. Wani telanta da ta yi wa faɗa a gabana ya zo, ta miƙa masa nasa da hannu biyu. Ban ga ta ƙulle ƙasa a bakin zane ba.

Kada ki ce an saye ni. Har yanzu ina tambayar kaina ko riya ce, don ƙanƙan da kai ma ana yin ado da shi, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Addininta nata ne, nawa nawa ne, kaina kuwa ba ya taɓa ƙasa sai don Allah. Sai dai tun daga ranar kalmar nan ta ahankar ta maƙale mini a kunne, kuma duk lokacin da na tuna ta, ba muryar Sabita nake ji ba.

Hajiya, ni da ke mun san ɗan gyambon yatsanki ya riga Sabita ganin ƙafar. Mun san likita a nan ya ce ciwon sukari ne ya ci, ki zauna a yi jinya kada a makara. Kin yarda, har na fara neman a ƙara miki biza. Sai Yaya ya bugo waya yana huci, "Ni ne babba! Ina raye ba za a ce mace ce ke jinyar uwata a ƙasar wasu ba." Kika haɗa kaya kina cewa a bar shi, kada ransa ya ɓaci. Aka mai da ke gida, aka yi ta shafe-shafe har lokaci ya ƙure.

Kwana ne ya ƙare, na sani, ban ja da ƙaddara ba. Amma ina zargin Yaya bai yarda da maganar sawun nan ba ko kaɗan. Wanda zai ɗauke masa nauyin laifin yake nema, ya ga baƙuwa marar dangi a Kano. Tausayinsa nake ji, wallahi, don shi ma yana sonki, kuma na san ba ya samun sukuni.

Na ba shi amsa. Na ce ba zan ɗora wa baiwar Allah jininki ba. Ya kashe waya, ya hana matarsa da yaransa ɗaukar kirana. Bana idan na zo Kano ban san inda zan sauka ba, Hajiyata, tun da ɗakinki a gidansa yake.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah Ya raba mu da girman kai, na fili da na ɓoye. Shi kuma Yaya, Allah Ya sassauta masa, Ya ba shi ƙarfin zuwa kabarinki, don an ce mini tun ranar da aka binne ki bai iya komawa ba.

'Yarki mai kewarki,
Rabi.