Hannu Ya Tuna, Ido Ya Manta

Talata, 6 ga Mayu, 2025

An sallamo ni daga asibiti a Kano. Ina Kazaure, gidan Hajja Kaka da ta raine ni, don ta ce jikarta ba za ta yi jinya a Gwiwa a hannun maƙwabta ba. Maigidana, Abban Musaddiƙ, bai yi musu ba. Wa ya isa ya ja da Hajja?

Likita ya ce gudan jini ne ya toshe wata 'yar jijiya a ƙwaƙwalwata. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, baki ma bai karkace ba. Kowa cewa yake na auna arziki. Na auna ɗin. Amma ga abin da ban faɗa wa kowa ba: ba na iya karatu. Rubutu kuwa ga shi ina yi, hannu na tafiya yadda ya saba. In na ɗaga biro na dubi layin da na gama yanzun nan, sai in ga kamar kaji ne suka yi tone-tone a kan takardar. Ni Zulaikha, malamar Hausa ta aji huɗu!

Ina dafa ƙarshen layi da yatsan hagu don kada in hau kan wanda na riga na rubuta.

Juma'a, 9 ga Mayu

Masu dubiya tun hantsi. "Ya jiki?" "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na faɗa har bakina ya gaji. Tun ina yarinya Hajja ta hore ni a kan haka: ko kai na tsagewa, in an tambaye ki, ki ce da sauƙi. A wajenta ƙorafi kai ƙarar Ubangiji ne gaban bayinsa.

Saude, abokiyar aikina mai koyar da 'yan aji ɗaya, ta zo daga Gwiwa a kan babur, ta kawo mini littattafan labari cike da leda. "Na san ki, Zulai, in ba waɗannan ba zaman nan kashe ki zai yi." Na yi godiya. Da ta tafi na tura ledar ƙarƙashin gado, na yi kuka ba sauti don Hajja na tsakar gida.

Laraba, 21 ga Mayu

Mun koma ganin likita. Ya sa na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo, na matse masa yatsu, na ɗaga gira. Sai ya ce, "Akwai wani abin da ke damunki?" Kafin in buɗe baki Abban Musaddiƙ ya ce, "Ai likita sai godiya, kullum rubutu take yi, biro ba ya barin hannunta." Likita ya dube ni. Na ce da sauƙi.

Fitowa kawai ta yi da kanta, kamar amsa sallama. Akwai wata babbar takarda manne a bango bayan kujerarsa, da manyan haruffa ja. Ita nake kallo har muka tashi. Da ya ce in karanta masa ita, da an wuce wurin. Bai ce ba, ni ma ban ce ba. Haushin kaina nake ji har yanzu.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya aka yi Babbar Sallah. Gida ya cika da hayaƙin suya. Musaddiƙ ya zo da abbansa, ya yi tsawo, duk haƙoran gaba sun zube.

Hajja ta karɓo mini rubutun sha daga wajen malaminta, a cikin jarka. Safe da yamma ina shan haruffa, ga su kuma a kan takarda sun ƙi ni. Abin ya so ya ba ni dariya.

Wanda ba na dariyarsa shi ne na asuba. In na idar da salla nakan buɗe Alƙur'ani kamar da, in karanta surorin da na haddace, ina juya shafi bisa kintace. Hajja na gefe da carbinta tana jin daɗi. Allah ka san ba wasa nake yi da littafinka ba.

Talata, 24 ga Yuni

Saude ta kira. Wai na gama littafin nan mai koren bango? Na ce tuni. Ta ce ya na ga ƙarshen? Na ce, "Kai, abin tausayi." Ta kwashe da dariya, "Tausayin me? Ai aure suka yi, har da tagwaye!" Na ce kaina ne ke sarawa, na kashe wayar.

Ƙarya ba ta yi mini kyau ba. Ban ma iya ta ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

An yi ruwa mai ƙarfi. Ina zaune a ƙofar ɗaki da gwangwanin madara a hannu, yatsana na bin harafin farko ba tare da na lura ba, sai na ji shi. Jin sa na yi a yatsa, kafin ido ya yarda. M ne. Na bi na biyu, na bi na uku. Kafin in kai na ƙarshe na manta na farko, na sake komawa. Shayin da zan zuba wa madarar ya huce sarai kafin in haɗa kalmar.

Na yi murna, ban ɓoye wa kaina ba. Sai kuma na tuna yadda nake cinye littafi guda tsakanin azahar da magariba, murnar ta koma ciki.

Asabar, 19 ga Yuli

Yau ba komai. Na wanke wa Hajja kallabi.

Asabar, 2 ga Agusta

Na fita bakin titi sayen ƙosai. Wata bas ta tsaya tana lodi, da rubutu a jikinta. Na tsaya ina zana haruffan a kan cinyata ta cikin hijabi. B, A, B. Kafin in gama motar ta cika ta tashi. Sai da yaron mota ya leƙo yana ihun "Babura, Babura!" na san abin da nake ta fama da shi. Garin da mijina ke zuwa awon hatsi duk mako, garin da na san sunansa tun ban san nawa ba a rubuce.

Mai ƙosai ta ce, "Malama, lafiya kike sosa ƙafa?" Na ce sauro ne.

Laraba, 20 ga Agusta

Na koma ɗakina a Gwiwa. Gero ya yi kai, gari ya yi kore shar. Hajja ta raka ni har bakin mota tana cewa in riƙe addu'a in rage gishiri.

Da yamma hedimasta, Malam Daudu, ya zo gaisuwa. Suka zauna a zaure da Abban Musaddiƙ, ina jin su daga ciki. Ya ce ajina na nan ya ajiye mini, ofis sun so su turo wani ya ce a'a, Malama Zulaikha na dawowa da an koma hutu. Abban Musaddiƙ ya ce ai ta warke garau. Suka yi ta sa wa juna albarka.

Ajin nan shi ne abin da nake da shi wanda ba na kowa ba. Ba na so in rasa shi. Na ce wa raina kafin Satumba ido zai dawo.

Litinin, 15 ga Satumba

Bai dawo ba, amma na je.

Yara suka miƙe, "Barka da zuwa, Malama!" har rufin kwano ya amsa. Na ɗauki alli. Labarin da zan ba su na san shi da ka, na shiga rubutawa a allo, hannuna na ta zuba kyakkyawan rubutu kamar ba abin da ya faru. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi.

Ina tsaka da yi Malam Daudu ya leƙo ya yi mini barka da dawowa. Muka gaisa, ya wuce. Na juyo ga allo, ban san inda na tsaya ba. Rabin allo cike da rubutuna, ni kuma kamar baƙuwa a gabansa. Yara na jira na. Sai na ce, "To, ku karanta mini daga farko, in ji ko hutu ya cinye muku karatu." Suka karanta baki ɗaya, na ji inda suka tsaya, na ɗora. Na tsira. Har na yaba wa kaina wayo a hanyar gida.

Laraba, 17 ga Satumba

Na ba su aikin cike gurbi. Suka yi layi da littattafansu a gaban teburina, kamar kullum. Jan biro a hannuna. Me zan yi? Na riƙa duban shafi kamar mai nazari, ina gyaɗa kai, ina ba kowa maki.

Akwai wata yarinya, Mu'minat, 'yar makiyayan da ke bayan gari. Fulatanci suke yi a gida, rubutun Hausa na ba ta wahala, bara ma da kyar ta haye. Ta karɓi littafinta ta ga an ba ta maki duka. Ta dube ni, ta dubi littafin, ta rungume shi. Da aka tashi na hango ta tana gudu ta nufi rugarsu.

Saude ta ga littafin wani yaro a hanya. Ta same ni a aji ni kaɗai, ta rufe ƙofa. "Zulai, yaron nan ko ɗaya bai ci ba, kin ba shi duka. Me ke faruwa?" Na miƙa mata alli na ce ta rubuta ko me ta ga dama a allo. Ta rubuta. Na tsaya ina kallo, ina kallo. Ta ce, "Sunanki ne fa." Sai ta zauna a bencin yara ta fashe da kuka. Ni ce ma na koma ina ba ta haƙuri.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ba Saude ce ta sa na kai kaina ofis ba, gudun yarinyar nan ne. Ta je ta nuna wa uwarta ƙarya da hannuna.

Na faɗa wa Malam Daudu komai. Ya cire hula ya mayar. Ya ce a rufa, a lallaɓa, a hankali zai dawo, wa zai sani? Na ce yaran za su sani ranar jarrabawa. Na ajiye masa jan biron a tebur.

Da na faɗa wa Abban Musaddiƙ, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Wata huɗu, Zulai, ba ki faɗa mini ba." Da ma faɗan ya yi. Ya ce ranar Litinin za mu koma Kano wajen likita, kuma shi a waje zai tsaya, in yi magana da bakina.

Talata, 14 ga Oktoba

Likita ya ce abin sananne ne, yana da suna, kuma da na faɗa da wuri da tuni an fara mini horo. Zai ragu, in ji shi, amma kada in sa rai da saurin karatuna na da. Aji huɗu an ba wani sabon malami daga Roni. In zan bi ta tagarsu nakan sauya hanya.

Ina zuwa makaranta dai da safe. Na ce wa mutane taya Saude nake yi da 'yan aji ɗaya, sun yi mata yawa. Gaskiya ne, sun yi yawa. Ina tsayawa a baya, ina raba faɗa, ina share majina. In tana nuna harafi da sanda suna amsawa, ba ruwana, ni tsaro nake yi.

Yau an yi ɗ da ƙ. Ƙafata ta gaji da tsayuwa, shi ya sa na nemi wurin zama. Wata 'yar mitsitsiya a bencin ƙarshe ta matsa mini, na zauna. Ta leƙo ta ga ina zana harafin a tafin hannuna, ta ce, "Malama, kin ci." Ta juya ga allo, ni ma na juya.