Diskin da Ka Sayo a Kano

Zuwa ga Yayana Laminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Matameye muna lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, matarka Ramatu ta koma sana'arta ta ƙuli-ƙuli, ƴarka Balkisa kuma ta fara zuwa makarantar allo. Na san wasu ne za su karanta wasiƙar nan, ba kai ba. Amma tun ina yaro, duk abin da na yi a shago kai nake fara faɗa wa, kuma har yau ban iya dainawa ba.

Yaya, na canza wa ordinater ɗinka, na'urar da muke bugu da ita a shago, diski.

Ka tuna lokacin da ta fara wannan ƙarar? Ƙwas, ƙwas, daga can ciki, kamar kaza na tsattsagar gero a faranti. Muna tsakiyar buga wa wani mutumin Dawce takardar neman aiki, ka ɗaga hannu ka ce in yi shiru. Ka kara kunnenka a jikinta, ka daɗe, sannan ka ce diskin ne ya gaji, shi ne rumbun da komai namu yake ciki. Ka ce, "Na'ura kamar jaki ce, Sanusi. In ta fara ɗingishi, sauke mata kaya tun ba ta durƙusa ba."

Da ka tafi ci-rani Kano, ka dawo da sabon diski a cikin ledarsa mai ƙyalli. Ka nuna mini, ka sa a aljihun tebur, ka ce bari damina ta wuce mu zauna a tsanake, ka koya mini yadda ake kwashe sistem ɗin gaba ɗaya a mayar da shi cikin sabo. Sai aikin gonarmu ta Icirnawa ya ɗauke ka. Sai zazzaɓin nan. Daminar ta wuce, kai kuma muka baro ka a maƙabarta.

Ban taɓa ledar nan ba. Kullum in na jawo aljihun tebur neman almakashi sai in gan ta, in mayar in rufe. Ni bugu ka koya mini da tsara katin biki, ba buɗe cikin na'ura ba, kuma ina tsoron in kwance abin da hannunka ya ɗaure in kasa mayarwa. Ƙarar kuwa na saba da ita har na daina jin ta.

A cikin wannan lokaci Ramatu ta sha yi mini magana a kan bidiyon Sallar nan da ka ɗauka a tsakar gida. Ta ce in zuba mata a waya, don Balkisa ta fara tambaya yaya muryar babanta take. Nakan ce mata to, gobe. Ba ƙi na yi ba, Allah Ya sani. Buɗe dosiyen hotunan da ka sa wa suna Gida ne zuciyata ta kasa. Na ɗauka yana nan, ba inda za shi.

Ran wata Talata da hantsi na kunna ta, ta ƙi tashi. Fuskarta baƙa ƙirin, sai ƙarar nan kawai, ta fi ta kullum ƙarfi. Ga wata ɗaliba zaune a benci tana jiran rapor ɗinta, rahoton karatunta da na gama bugawa, za ta kai Damagaram. Ga katunan suna na mutane, ga takardun ƴan kasuwa, duk suna ciki. Abincin gidaje biyu, nawa da naka, yana cikin wannan baƙin allo. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, har Allah Ya sa ta farka da ƙyar. Na fitar wa yarinyar aikinta, na rufe shago, na nufi gidan abokinka Malam Isufu, wanda ke koyar da na'ura a lise, babbar sakandare.

Da na miƙa masa ledar, sai da ya juya ta a hannunsa ya gane ta. Ashe tare kuka zaɓe shi, ka kira shi a waya daga kasuwar Kano kana karanta masa lambobin jikinsa.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a sa sabon diskin a zuba masa sabon sistem, fes, kamar yau aka sayo na'urar, wannan ya fi sauƙi da sauri. Ko kuma a kwafe tsohon ɗungurungum, da sistem da komai, yadda za ta tashi kamar yadda ka bar ta. Amma ya gargaɗe ni cewa tsohon ya ji jiki, kwafar za ta wahalar da shi, kuma duk inda ya ruɓe ba zai karantu ba. Na ce masa ta biyun nake so. A cikinta ne ka gyara madannai suka iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ, abin da ya sa masu son kati da Hausa suke tsallake wasu shaguna su zo namu. Ni ban san yadda ka yi ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Washegari da safe muka zauna a shago. Malam Isufu ya sa sabon diskin cikin wani ɗan gida mai igiya, ya jona shi a gefen na'urar, ya tayar da ita daga ƴar kile ɗinsa, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa na'ura. Wani siririn layi ya bayyana, ya fara cika a hankali. Ya ce babban abin gudu shi ne a ɗauke wuta, tunda batirin na'urar ya daɗe da mutuwa. Alhaji Ado tela, maƙwabcinmu, da ya ji haka sai ya jawo mana waya daga injin wutarsa, ya ce ko yini za a yi ba zai kashe ba. Mutane ba su manta da kai ba, Yaya.

Layin ya yi ta tafiya har bayan azahar, sannan ya tsaya cik. Diskin ya shiga ƙara ba ƙaƙƙautawa. Malam Isufu ya ce mun iso wurin da ya lalace, in muka matsa masa zai iya mutuwa gaba ɗaya mu rasa duka, gara a tsallake. Ya dube ni yana jiran izini. Ban san abin da ke wurin ba. Na ce a tsallake.

Ni na kwance kusoshin murfin da turnabis ɗinka mai jan mariƙi. Malam Isufu ya ƙi karɓa, ya ce aikin da aka yi niyyar koya mini ne. Na zare tsohon, da sauran ɗuminsa, na zura sabon, na ɗaure. Na yi bismillah na danna.

Ta tashi, Yaya. Sunanka ya fito kamar kullum, kalmar sirrinka ta buɗe ta, hoton gonarmu yana nan a fuskarta. Takardun mutane duk sun tsira, haruffanka ma haka. Ba ƙara, ba jinkiri. Alhaji Ado ya yi hamdala ya koma kan keken ɗinkinsa.

Sai da kowa ya watse na buɗe Gida. Nan ne wurin da muka tsallake. Hotuna da yawa rabinsu toka ne, wasu sun ƙi buɗuwa sam. Bidiyon Sallar ya fara lafiya: ga Inna a kan tabarma, ga Ramatu da Balkisa a goye, kai kana riƙe da waya ba a ganin ka. Aka ji dariyarka, ka ce, "Inna, ɗago mana mu ga kwalliyar." Daga nan hoton ya daskare. Sauran, inda ka juya wayar ka yi wa Balkisa doguwar addu'a kana kiran sunanta, ya tafi.

Da na sani ƙeya ce. Zuba wa Ramatu bidiyon, aikin da bai fi shan shayi ɗaya ba, na yi ta ɗagawa, ga abin da ya jawo.

Na tafi gida na faɗa wa Ramatu yadda abin yake, ban rage komai ba. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai in zuba mata abin da ya saura. Na zuba, ta kira Balkisa ta ɗora ta a cinya ta kunna mata. Yarinyar ta saurara, ta tambaya ko wannan ne Baba. Aka ce shi ne. Ta ce a sake, aka sake, ta ce a sake. Yanzu in ta ga Inna ta sunkuyar da kai tana jan carbi, sai ta je ta tsaya gabanta ta ce ta ɗago a ga kwalliya, da irin jan muryarka. Inna takan yi dariya, sannan ta goge ido da bakin mayafi.

Addu'ar da ka yi mata kuwa, ina wurin ranar, amma kaɗan na riƙe. Na tambayi Inna da Ramatu, kowa ta kawo abin da ta tuna, muka harhaɗa. Ba ta cika ba, amma za mu riƙa faɗa mata har ta girma. Tsohon diskin yana wajen Ramatu, ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a akwatinta. Malam Isufu ya ce a Yamai akwai masu iya tono irinsa, sai dai bai yi mana alkawarin komai ba.

Ka yafe mini, Yaya. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Addu'ar da ka yi wa Balkisa, wadda muka tuna da wadda ta ɓace mana, Allah Ya ji ta duka tun ranar, Ya karɓa. Ya ba mu ikon riƙe abin da ka bari da amana, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ƙanenka,
Sanusi
Matameye